A gyara mashigar CAT ta cikin rediyo, ko a sayi akwatin waje?

Ɗan'uwa, kan rediyonka ta ji da watsawa da ta daina amsa wa kwamfuta har kake tunanin ko ka gyara mashigarta ta CAT, wato inda kwamfuta ke bi ta sarrafa rediyon, ko ka sayi akwatin haɗi na waje, ni dai na bi hanyoyin biyu, kuma gyaran nake ba ka shawara.

Amma kafin ka kwance ko kusa ɗaya, fara wanke wayar da ke haɗa rediyon da kwamfuta daga zargi. Idan mai fil 9 ce irin RS-232, cire ta daga rediyon, ka haɗa fil na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, ka buɗe PuTTY, manhajar aika haruffa ta mashigar kwamfuta, ka buga haruffa. In suna dawowa kan allo, waya da kwamfuta lafiyarsu ƙalau. Daga nan duba gudun saƙo, dole lambar ta zo ɗaya a rediyo da manhaja, ko 4800 ko 9600 ko 38400. Masu rediyon kamfanin Icom su ƙara da duba adireshin CI-V, lambar da manhaja ke gane rediyon da ita, misali IC-7300 tana zuwa da 94h. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Tawa ba ta ƙare a nan ba. Wani dare aka yi tsawa, na cire eriya amma na bar wayar kwamfuta a jone. Da gari ya waye rediyon tana ji tana watsawa kamar ba abin da ya faru, sai dai manhajar WSJT-X da nake tuntuɓa da ita ta kasa karanta firikwensi. Na sa mitar auna wuta tsakanin fil na 5 da fil ɗin da rediyon ke aika saƙo, inda ya kamata in ga wuta ƙasa da sifili, sai na tarar babu komai. Na buɗe ta na bi layin har zuwa wata 'yar ayisi (IC, ɗan guntun lantarki) mai ƙafa 16, irin MAX232, wadda ke mayar da volt 5 na cikin rediyo zuwa ƙarfin da RS-232 ke buƙata. A lafiyayya, ƙafa ta 2 tana ba da volt 8 zuwa 10 sama da sifili, ta 6 kuma kwatankwacin haka ƙasa da sifili. Tawa duka biyun shiru, jikinta kuma da zafi in ka ɗora yatsa. Na yanke ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya don kada in ɗaga layin allon, na share dalmar, na dasa sabuwa, na canja ƙananan kafasitocin da ke kewaye da ita tunda da su take haɗa wutar. Har yanzu ina tuna lokacin da na murɗa maɓallin firikwensi na ga lambobi suna gudu a kwamfuta tare da hannuna. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba ranar da na sayi rediyon.

Akwatin waje kuwa, yana yin abin da aka ƙera shi ya yi, iyakarsa ke nan. Irin wanda na saya kafin gyaran sauti kawai yake ɗauka, ya danna PTT, wato maɓallin watsawa. Za ka yi FT8 da shi, wato tuntuɓa ta sautin da kwamfuta ke fitarwa, amma canja zango da rubuta firikwensi a littafin tuntuɓa duk da hannu ne. Waɗanda ke da CAT a jikinsu ma ta wannan mashigar da ta mutu za su bi.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa a nan. Wani zai rubuta maka cewa akwatinsa na sarrafa rediyo gaba ɗaya, alhali sauti ne kawai. Sannan wayoyin USB masu jabun ayisi sun cika intanet, an buga musu sunan kamfanin Prolific ko FTDI. Jabun Prolific su ne ke nuna saƙon kuskure na Code 10 a Windows, kuma a 2014 wani direban FTDI, wato manhajar da ke tafiyar da wayar, ya riƙa hana jabun nasa aiki. Irin wannan waya kan sa mutum ya farke lafiyayyar rediyo. Ita ma ayisin gyaran, saye ta wurin dillalin kayan lantarki da aka sani.

In rediyonka mai USB ce a jiki, ayisinta ƙarama ce ƙwarai, sai da na'urar iska mai zafi, to kai wa mai gyaran da ya saba. In kuma haɗin yana yankewa ne kawai lokacin watsawa, mashigar ba ta mutu ba, RF, wato siginar da rediyon ke watsawa, ne ke shiga wayar. Naɗa ta sau huɗu ko biyar a zoben ferrite, mai tare irin wannan sigina.

Yi gwajin fil 2 da 3 yau, ka faɗo mana samfurin rediyon da abin da mita ta nuna, sai mu bi layin tare.