Wane zare za ki saya in za ki fara ɗinkin hula a gida?

'Yan uwa masu son koyon ɗinkin hula ko surfani don rage zaman banza, kafin ki ɗauki kuɗinki ki nufi Kantin Kwari ko Kurmi ko Monde Maket ta Maiduguri ki tsaya ki san zaren da za ki nema, domin mai shago ba zai ce miki nasa ba kyau ba, duk wanda kika nuna da yatsa "orijina ne Hajiya". Hula ɗaya mai cikakken aiki sai ta ci miki makonni, wata ma wata guda ko fiye in kina haɗawa da girki da hidimar yara, to ai bai kamata zare ya zo ya ɓata wannan wahalar ba.

Ni dai ba ɓoye-ɓoye, zaren auduga mai murɗi nake so, wanda ake naɗewa a dunƙule, lamba 8. Lambar nan kauri take nunawa, kuma a juye take: lamba 5 ya fi kauri, 8 tsaka-tsaki, 12 siriri sosai. Lamba 5 yana cika waje da wuri amma aikin sai ya fito buzu-buzu, ƙananan idanun zane duk sun toshe. Lamba 12 na gwanaye ne masu ido da haƙuri, mai koyo za ta gaji tun ba ta kai rabi ba. Shi kuwa 8 yana kwanciya a kan yadi lumui, ba ya warwarewa a hancin allura, in kin yi kuskure kin farke za ki iya sake amfani da shi bai yi gashi ba. Ɗan sheƙin da yake da shi kuma ba fenti ba ne, a masana'anta ake jiƙa audugar a ruwan soda mai ƙarfi ana ja, shi ke sa ta yi santsi ta kuma sha rini sosai, dabarar ta samo asali ne daga wani Bature ɗan Ingila John Mercer tun 1844. Shi ya sa hular da aka yi da shi ko ta je wajen masu wanki sau nawa, a goge ta da burushi a sa mata sitati a shanya a rana, launinta na nan.

Sunaye biyu za ki fi ji, Anchor da DMC. Anchor asalinsa na kamfanin Clark ne na garin Paisley a Sukotlan, wanda daga baya ya haɗe da kamfanin Coats, DMC kuma na Faransa ne, a Mulhouse, tun 1746 suke. A hannuna ban ga wani bambancin da zai sa a yi musu ba, wanda kika samu na gaske ki ɗauka. Abin lura kawai lambobin launinsu ba ɗaya ba ne, baƙi a DMC 310 ne, a Anchor 403, kar ki aiki yaro da lambar wannan ya sayo miki wancan.

Akwai kuma mai sili shida, shi ma auduga ne, mita 8 a ƙulli ɗaya, ana raba shi a ɗauki sili biyu ko uku. Yana da kyau a fulawar jikin matashin kai, zanen gado, kayan jarirai, amma a hula ya cika laushi kuma mita 8 yanzu-yanzu ta ƙare. Siliki na kanti mai ƙyallin nan da ke ɗauke ido, zamewa yake ya ƙulle, in ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu, ki bar wa masu keke. Na roba arha ne kawai. Ulu kuwa na kwarashi ne, ban san mai kawo shi cikin maganar hula ba. Tsamiya daban take, alharinin daji ne da ake samu daga tsutsa, da ita ake yi wa manyan riguna aiki irin aska takwas da aska biyu, mutanen Zariya sun san wannan, sai dai tsada da wuyar samu, ba kayan koyo ba ce.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, zuba. Na taɓa gama hula fara mai ja da shuɗi, zaren da takardarsa da komai, wankin farko jan nan ya malale cikin farin ta koma ruwan hoda, ba sabulun da ya fitar. Tun daga nan ba na tambayar kuɗin zare sai na tambayi ko zan iya gwadawa. Ki yanki kamar kamu ɗaya, ki jiƙa da ruwan ɗumi da ɗan omo, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki bar shi ya ɗan jima. In ya bar ko ɗan alama ne ki mayar. Ja, baƙi, shuɗi mai duhu da makuba su suka fi wannan halin, kar ki yarda da "ai sau ɗaya zai zuba ya daina", sau ɗayan nan ai shi ne ɓarnar.

Jabu ya yi yawa wallahi, har takardar suna bugawa. Ki duba rubutun, na bogi sau da yawa dishi-dishi yake, ko lambar launi babu, ko kala biyu daban su zo da lamba ɗaya. Dunƙulen lamba 8 na gaske giram 10 ne, kusan mita 80, to wasu kwali suke cusawa mai kauri a ciki su yi masa naɗi kaɗan a sama, ki matsa da yatsa ki leƙa ramin tsakiya, in da hali a ɗora a sikeli. Ki ja zaren tsakanin yatsu biyu, na kirki kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, jabu za ki ji nan kauri nan siriri da ƙulle-ƙulle a tsakiya. Sannan gwajin ashana: auduga tana ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri, alharini na gaske kuma warin ƙonannen gashi yake. Amma silikin kanti shi ma kamar auduga yake ƙonewa, don haka shi sai ki jiƙa ki ja, zai tsinke da sauƙi. Masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram kuma hoto ba ya nuna komai, fitila suke haskawa, ki ce a aiko ɗaya tak ki gwada kafin ki tura kuɗin dozin. Wanda ya ƙi, ki san da magana.

In kin samu na kirki ki sayi duk abin da hular za ta ci lokaci ɗaya, har da ɗan ƙari, domin ko lamba ɗaya ce rinin wannan zuwan da na gaba kan ɗan bambanta, a cikin ɗaki ba za ki gani ba sai maigida ya sa ta ya fita Masallacin Juma'a. Yadin ma ki wanke shi kafin ki kai wa mai zane saboda ya gama tsukewarsa, kar saiz 23 ta dawo 22. Allura kuwa ki ɗauki mai dogon hanci wadda zaren zai wuce ba gurzawa, fakiti ɗaya ya ishe ki.