Hannun jarin bankunan waje ko na Coca-Cola?

Manyan bankuna irin HSBC da JPMorgan sukan samu riba mai kauri idan kuɗin ruwa ya hau, amma harkar banki kan bashi take tsaye. A 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe. A 2023 bankin UBS na Switzerland ya haɗiye takwaransa Credit Suisse da araha, masu hannun jarin Credit Suisse suka tafka asara. HSBC ma a 2020 Babban Bankin Ingila ya sa ya dakatar da rabon riba.

Coca-Cola kuwa tafiyar hawainiya yake yi, sai dai sama da shekara 60 ke nan yana ƙara rabon riba duk shekara. Ni nan na fi karkata. Mai gudun kuɗin ruwa kam, zancen banki bai ma taso masa ba.