Gam ɗin sitika a jikin mota: me za ka saya, me za ka guje wa

Ɓare sitika ba shi ne aiki ba, abin da take bari a baya shi ne. Ko ta kamfen ce, ko ta dillalin da ya sayar maka da motar, ko salatif ɗin da aka liƙa wa motar Kwatano a hanya, da zarar rana ta gasa ta sai gam ya kama fenti, ƙura ta hau kansa, ya zama baƙin tabo mai danƙo. Kafin ka sayi komai, ka fara sanin wane fenti ne a jikin motarka. Na kamfani an gasa shi da zafi mai tsanani, yana da juriya. Wanda mai fenti ya fesa bayan fanel bita ya gama aikinsa bai kai shi ƙwari ba, kuma idan bai wuce wata biyu zuwa uku ba, ka haƙura da duk wani sinadari tukuna. Ka kuma tuna cewa ruwan ƙyalli da ke saman launin motar bai kai kaurin takarda ba. Shi ake karewa a duk wannan aiki.

Mafi arha shi ne zafi. A wanke wurin da ruwa da sabulu, musamman lokacin hunturu, domin ƙurar da ke kai ita ce ke karce fenti idan aka goga. Sai a ɗumama gam ɗin da na'urar busar da gashi, a riƙa kaɗa ta ba a tsaya wuri ɗaya ba, har ya yi laushi, a tura shi da gefen tsohon katin ATM ko rezar roba. Rezar ƙarfe ta gilashi ce kawai. Sau da yawa wannan ya isa ga sabuwar sitika.

Idan ya ƙi, sai a koma ga mai. Man feshin gwangwani mai suna WD-40 ba ya wuyar samu a shagunan kayan mota, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, kuma ba ya cin fenti. A fesa, a bar shi minti biyar ya ratsa, a goge da tsumma mai laushi. Aibinsa maiƙo, dole a bi shi da sabulu. Kalanzir ma yana narkar da gam, masu wankin mota sun daɗe suna cire kwalta da shi, amma yana kwashe man sheƙi, kuma ba a barinsa ya daɗe a kan roba ko baƙar leda ta gefen ƙofa.

Wanda zai kashe kuɗi, ni dai shawarata ya sayi abin da aka yi don wannan aiki. Goo Gone na mota yana ɗauke da man ɓawon lemo, yana aiki a hankali, ya dace da mai yi da kansa a gida. A duba kwalbar ta ce na mota ne. Maganin cire gam na kamfanin 3M ya fi shi ƙarfi da sauri, shi ne na tsohon gam da ya shekara a rana, sai dai ya fi tsada, warinsa kuma na buƙatar fili mai iska. Kowanne ka ɗauka, ka gwada shi a ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin but, kuma a inuwa, bodi a sanyaye. A kan ƙarfe mai zafi maganin bushewa yake yi kafin ya taɓa gam ɗin.

Akwai kuma faifan roba da ake ɗaurawa a kan injin huda, yana murje gam kamar yadda magogi ke goge rubutun fensir. Ga mai bas ko a-daidaita-sahu da aka lulluɓe da rubutun talla, ya cancanci kuɗinsa. Don sitika ɗaya ɓarna ce, kuma a kan bamba ta roba zafin gogayya na iya ƙona fenti.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake saurin miƙa wa mutum tina (ruwan tsinka fenti) ko ruwan goge jan farce. Suna cire gam nan take, haka ne, amma suna iya dusashe ƙyallin ko su narkar da fentin da aka sake fesawa, ka koma biyan kuɗin fesa ƙofa guda. Fetur ma ban yarda da shi ba, ga haɗarin wuta. Man birki kuwa ko kusa, ɗaye fenti yake yi.

Bayan gam ya fita, za ka iya ganin siffar sitikar tana nan, wurin ya fi kewayensa duhu. Ba saura ba ne, rana ce ta koɗar da sauran jikin ta bar inda aka rufe. Ƙarin magani ba zai gyara shi ba, sai a kai wa mai folish ya daidaita shi, sannan a shafa man sheƙi a wurin, tunda maganin ya wanke wanda ke kai.