Feshin mometason da wankin hanci: abin da na gani ina fama da tsiron hanci

Wanda tsiron nama ya toshe masa hanci ya fi kowa sanin wahalar kwana da baki a buɗe. Nawa ya zo ne da daɗaɗɗen kumburin ramukan ƙashin fuska, irin wanda likitoci ba sa kiransa mai daɗewa sai ya haura makonni 12. Ga majina mai kauri tana gangarowa ta maƙogwaro, ga nauyi a goshi, ƙamshi da wari duk sun zama ɗaya.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da siririyar kyamara, ya ɗora ni a kan feshin mometason, wanda wasu suka sani da Nasonex. Kowane feshi ɗaya maikirogiram 50 ne, ina yin biyu a kowace ƙofar hanci, safe da dare. Sitiroyid ne, wato maganin rage kumburi, kuma sunan kaɗai kan sa mutane ja da baya, amma abin da ke shiga jini daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da ƙwayoyin da ake haɗiya.

Maganin yana aiki, sai dai ba ya gaggawa. Mai neman hanci ya buɗe nan take zai raina shi, don sai an jera makonni kafin a ji iska ta fara ratsawa. Masu buɗewa a take, irin su okzimetazolin, daban suke: in aka wuce 'yan kwanaki ana shaƙa, toshewar na dawowa fiye da da, ba kuma sa taɓa tsiron.

Yadda ake fesawa shi ne rabin maganin. A girgiza kwalba, a ɗan sunkuyar da kai, a riƙe da hannun dama a fesa ƙofar hagu, bakin kwalbar na kallon wajen kunne. In ya kalli bangon da ya raba hancin, haɓo zai biyo baya. Kada a zuƙe da ƙarfi. Duk sanda na ji ɗaci a maƙoshi, na san maganin ya wuce inda ake bukatarsa.

Inda feshin ya gaza mini shi ne jin ƙamshi. Numfashi ya gyaru, minshari ya ragu, amma abu zai ƙone a kusa da ni ban sani ba. Tsiron kan tare hanyar sama, feshi kuwa a gaba-gaba yake tsayawa. Sai likita ya canza mini zuwa wankin hanci: budesonid, shi ma sitiroyid ne, a cikin kwalbar ruwan gishiri mai mililita 240, a matsa ta wannan ƙofa ya fito ta waccan. Ruwan dole a tafasa shi ya huce, na famfo kai tsaye ba ya yi. Aiki ne mai ɓata riga da lokaci, har ruwa kan zubo daga baya in mutum ya sunkuya, amma da shi ƙamshin sabulu ya fara dawo mini, jefi-jefi.

Babu ɗayansu da ya kawar da tsiron gaba ɗaya, ragewa suke yi, kuma da an daina sai ya sake kumbura. Ko waɗanda aka yi wa tiyata ana mayar da su kan irin wannan magani don kada ya dawo. Mai asma, ko wanda asfirin ke tayar masa da numfashi, ya faɗa wa likita tun a zaman farko, domin nasu tsiron ya fi taurin kai.