Masu karatun novel a waya, ku yi hattara da wannan manhajar ta bogi

Assalamu alaikum 'yan uwa makaranta, don Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi.

Akwai wasu da suka buɗe shafi wai suna da manhajar da za ta riƙa zaɓo miki sabbin littattafan Hausa daidai da ra'ayinki, in na soyayya kike so ko na aljanu ko na gidan sarauta duk za ta jero miki. Tun da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen 2023 mutane ke ta lalube inda za su samu sabon littafi, to ta wannan ƙofar suka shigo.

Ƙanwata ce ta faɗa hannunsu satin da ya wuce. Suka ce ta biya 1,500 kuɗin rajista, ta tura, suka aiko mata da link wai ta sauke manhajar daga nan tunda ba ta hau Play Store ba tukuna. Da yamma sai ga kira, mace ce, murya a natse, "Hajiya za ki ga lamba 6 ta shigo wayarki, karanto min in saka ki a guruf ɗin VIP." Yarinya ta karanto. Ashe lambar shiga WhatsApp ɗinta ce, kafin magariba an fitar da ita daga akawun ɗinta an fara bin dangi ɗaya bayan ɗaya da sunanta wai Umma na asibiti ana neman kuɗin magani da gaggawa, gwaggonmu baiwar Allah ko kira ba ta tsaya yi ba ta tura 20,000.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, littattafan da suke tallar da su na sata ne. Marubuciya ta kwana tana taipin a waya, ta saka littafinta na kuɗi, wani ɓarawo ya kwafe ya mayar da shi tarko.

Wattpad kyauta ake buɗe akawun a duba littattafai, Goodreads ma haka, babu mai kiranki ya ce ki karanto masa lamba. In littafin kuɗi kike so ki nemi marubuciyar a shafinta na asali ki biya ta kai tsaye. Ku shiga Settings na WhatsApp, Account, ku kunna Two-step verification, wato ku saka wa akawun ɗinku PIN na sirri, yau ɗin nan. Wanda aka riga aka ƙwace wa nasa ya sake rajista da layinsa, da zarar ya shigar da sabuwar lambar da aka turo masa za a fitar da ɓarawon, amma in ya riga ya saka nasa PIN sai an jira kwana 7. Ƙanwata yau kwananta 5 tana jira, kuɗin gwaggo kuwa mun kai ƙorafi banki, har yanzu shiru.