Saƙar gida ko aikin masana'anta: wanne ya fi wa talakan Lankasha a 1830?

Ɗalibai sun sha tambaya: da mutum zai zaɓa a Lankasha, yankin saƙar auduga na Ingila, a wancan zamani, ya zauna gida da masaƙarsa ko ya shiga masana'antar auduga?

A fara da kuɗi. Wajen 1805 masaƙin hannu yakan samu sule 20 ko fiye a mako. Zuwa 1830 abin ya faɗo kusan sule 6, saboda masaƙar injin tururi ta karya farashin yadi, masu saƙar kuma sun yi yawa. Daga cikin wannan ɗan kuɗin zai sayi kyandir, ɗan kasuwar da ya ba shi zare kuma ya zabtare lada in ya ga aibi a yadin. Albashin masana'anta ya fi tabbas, sai dai akwai tara kan makara.

Ta fuskar lafiya kuwa, masana'anta ba ta da daɗin ji. Awa 12 zuwa 14 a tsaye, ƙurar auduga na cin huhu, ƙarar inji na kurmantarwa. Yara ƙanana ke rarrafawa ƙarƙashin inji yana gudu suna tsince auduga, nan yatsu ke tafiya. Dokar 1819 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masana'antun auduga, amma ba a bin ta; sai dokar 1833 ta sake hanawa, ta sa masu sa ido huɗu kacal.

Masaƙin gida shi ke da lokacinsa, iyalinsa na gabansa, amma sana'ar mutuwa take yi.

Saƙar gida ta fi dacewa da dattijo mai ɗan fili, ko gwanin yadi mai ado da inji bai iya ba tukuna. Matashi marar gona mai bakuna da yawa, masana'anta ce ta rage masa.