Fitilar keke ko tocilar masu nutso: wacce za a ɗaura wa hular kwano don hawan allon iska da dare?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wacce fitila za ka ɗaura wa hular kwano don hawan allon iska da dare, wato allon da ake tsayawa a kai a ruwa, mai sanda da ƙyalle da iska ke turawa. Cikin guda biyun da ka turo hotonsu, fitilar keken hawan dutse mai batir a jaka da tocilar masu nutso mai batir ɗaya a cikinta, ɗauki ta masu nutson. Ta keken ta fi haske, kuma kanta bai kai nauyin tocilar ba, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ba don ruwan gishiri aka ƙera ta ba.

Fara duba lambar jure ruwa da ke jikin kwali. Yawancin fitilun keke IPX4 ne zuwa IPX6, ma'ana suna jure yayyafi ko feshin ruwa mai ƙarfi, amma ba a gwada su a nutse ba. IPX7 na nufin an tsoma fitila a zurfin mita 1 tsawon minti 30. IPX8 ya wuce haka, kuma kamfanin ne ke faɗin zurfin da kansa. Duk wannan gwajin da ruwan daɗi ake yin sa, cikin natsuwa, a ɗakin gwaji. Kai kuwa ba a natse za ka shiga ruwa ba. Idan iska ta fizge ƙyallen kana maƙale da ƙugiyar da ke haɗa ƙugunka da shi, gaba za ta wurga ka, kuma kanka ne ke fara dukan ruwa a gudun da ya kai kilomita 30 ko 40 a awa. Wannan bugun yana tura ruwa ta kowace kafa. Ɗan murfin robar da ke toshe ramin caji na fitilar keke shi ke fara sallamawa. Ba lallai ta mutu a daren ba. Bayan 'yan kwanaki za ka buɗe ka tarar da wani kore-kore ya fito a bakin ramin, ta daina karɓar caji, ko ta riƙa kunna kanta a cikin jaka.

Tocilar masu nutso bututun alminiyom ce guda, babu ramin caji a waje, murfinta na murɗawa ne da zoben roba biyu, wasu uku, kuma akan rubuta mata zurfin mita 50 ko 100. Irinta ce a hulata. Idan ka faɗa ka shiga ƙarƙashin ƙyalle, ruwa ya rufe ka, tana nan a kunne, kuma da haskenta za ka gane inda sandar take da inda gefen ƙyallen ya ƙare ka fito. A cikin duhu mutum kan rasa sama da ƙasa na ɗan lokaci, wannan amfanin kaɗai ya biya kuɗinta.

Sai maganar wayar batir, wadda ta fi maganar ruwa haɗari. Wayar da ta sauko daga hula zuwa batir a baya ko a ƙugu tana bi ta wurin da komai ke motsi: igiyoyin ƙugiya, mariƙin ƙyalle, igiyar ɗaga sanda. Lokacin juyawa, sa'ad da kake sakin mariƙi ka cafke shi ta ɗaya gefen, hannunka na iya shiga cikinta. In ta tsinke ka shiga duhu nan take. In ba ta tsinke ba ta riƙe maka kai a ƙarƙashin ruwa. Mahaɗin wayar kuma ba ya jimre gishiri, batirin litiyom ɗin da ruwan gishiri ya shiga kuwa yana iya yin zafi har ya kama wuta bayan an fito da shi. Akwai fitilun keke marasa waya, masu batir a ciki, sun fi dama-dama, amma ramin cajin yana nan.

Ka ce ta keken lumen 3000 ce (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), ta nutson 1000, kana jin kamar za ka yi asara. Ba asara ba ce. Fitilar da ke kan hula tana kusa da layin idonka, saboda haka duk ɗigon ruwan da allo ya watso yana mayar maka da hasken kai tsaye, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Ƙyallen zamani kuma roba ce mai sheƙi. Da zarar ka juya kai ka leƙa ta cikinsa don ganin ko wani na zuwa ta ɗaya gefen ƙyallen, haske ya daki robar jiƙaƙƙiya ya dawo maka, sai ka ɗauki 'yan daƙiƙu kana ganin ɗigo-ɗigo. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, walƙiya ɗaya ta lumen 3000 daga nisan hannu ta rushe wannan. Lumen 500 zuwa 800 a matakin tsakiya ya wadatar, babban matakin ka ajiye shi don neman wanda ya faɗa ko don duba gaɓa. In akwai zaɓi, ɗauki mai haske ɗan rawaya, wajen 4000K zuwa 4500K a ma'aunin launin haske. Mai fari fat na 6500K ya fi ɗaukar ido a shago, ya kuma fi damunka a cikin feshi.

Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: hasken da ya fito daga saitin ido yana kashe inuwa. Ƙananan taguwoyi sai su yi maka kamar shimfiɗa, sai allo ya dake su kafin ka lanƙwasa gwiwa. Baƙin tabon da ake gani a kan ruwa da rana, wanda ke shaida cewa iska mai ƙarfi na tahowa, shi ma ba ka ganinsa da dare, kowace fitila ka saka. Don haka ɗaura ƙyallen da bai kai wanda ka saba da shi a wannan iskar ba, ka rage kamar rabin murabba'in mita zuwa ɗaya, ka ɗauki allon da zai iya ɗaukarka a tsaye ko da iska ta mutu. Ka yi lissafi: a kilomita 36 a awa kana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. In fitila tana nuna maka mita 30 sarai, daƙiƙa uku ke nan tsakaninka da igiyar masunta, ko tulun alama da ke saman ruwa, ko kan mutum.

Tocilolin nutso iri biyu ne, kada a haɗa maka da wadda ba ita ba. Akwai mai tsinin haske, digiri 6 zuwa 10, wadda ake yi wa juna ishara da ita a ƙarƙashin ruwa. A kan hula tana rawa da kowane motsin kai, sai ka ji jiri. Akwai ta ɗaukar bidiyo mai digiri 100 ko fiye, tana haska ƙyalle da hannuwanka ta bar ruwan gaba a duhu. Nemi ta tsakiya, wajen digiri 15 zuwa 30, mai ɗan haske a gefe-gefe. Aibinta ɗaya: an ƙera ta ne ruwa ya riƙa sanyaya ta. A sarari tana zafi a babban mataki, wasu su rage hasken da kansu. Kana gudu iska na sanyaya ta, amma kada ka bar ta a kunne a ƙasa kana haɗa kaya. Makunni kuma ka zaɓi na dannawa ko na zoben maganaɗisu wanda hannu ɗaya zai iya. Wadda ake kunnawa ta hanyar murɗa kai, in ka wuce gona da iri wajen kashe ta a cikin ruwa, zoben roba ya fito, ruwa ya shiga.

Yanzu gargaɗin da ba ka tambaya ba. Kasuwar fitila a intanet cike take da ƙarya. Batirin 18650, wato ƙaramin batirin litiyom da ake sa wa irin wannan tocila, na gaskiya yakan ɗauki caji wajen 3500 mAh, wato kusan awa-wat 12. Na 21700, wanda ya ɗan fi shi girma, yana kai wajen 5000 mAh, awa-wat 18. Lumen 1000 na cin kusan wat 8 zuwa 10, to ka ga 18650 ɗaya awa guda da 'yan mintoci zai ba ka a wannan matakin. Duk wanda ya rubuta maka lumen 50,000 ko 100,000 a kan tocila mai batir ɗaya, ko 9900 mAh a jikin 18650, ƙarya yake yi, ka bar masa kayansa. Ɗora batirin a kan ƙaramin sikeli: na gaskiya yana wajen giram 45, jabun yakan gaza 40 nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta IPX8 bai faɗi zurfi ba, tambaye shi. Ko kamfanonin kirki ma, awannin da suke rubutawa bisa ma'aunin gwajin tocila na ANSI FL1 ne, wanda ke ƙirga lokaci har sai haske ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa, saboda haka raba lambar biyu kafin ka dogara da ita. Ranar da kayan suka iso, cire batir, cusa takardar goge hannu busasshiya a ciki, rufe, ka jefa a bokitin ruwa ya kwana. In takardar ta yi danshi da safe, mayar musu tun ba a rufe lokacin mayarwa ba.

Hular kanta ta zama ta wasannin ruwa, mai lambar EN 1385, mai kafofin fitar da ruwa. Kada ka huda ta da abin huda, ƙarfinta kake ragewa, kuma ƙusar da ka ɗaura tana kallon ƙoƙon kanka. Yi amfani da mazaunin ƙaramar kyamarar GoPro mai lanƙwasa, mai gam ɗin 3M. Goge wurin da sifirit, bari ya bushe, danna da ƙarfi kamar rabin minti, ka bar shi aƙalla awa 24 kafin ya taɓa ruwa. Ɗora shi a tsakiyar hula, ɗan gaba kaɗan, ba a gefe ba, domin ƙyallen yana damanka a tafiya, yana hagunka a dawowa. Fitilar ta kwanta ƙasa-ƙasa, kada ta yi tsayi kamar ƙaho, kuma da batir kada ta wuce giram 200, in ba haka ba wuyanka zai gaya maka washegari. Abin da ake so shi ne mazaunin ya ɓalle idan bugun ya yi tsanani, maimakon ya murɗe maka wuya. Ɗaure tocilar da siririn zare gajere, bai fi tsawon yatsa ba, wanda zai hana ta nutsewa amma ya tsinke in an ja shi da ƙarfi. Saitin kuwa a kan allo ake yin sa ba a tsaye a gaɓa ba: tsaya yadda kake tsayawa kana gudu, kai a juye bisa kafaɗar gaba, ka sa tsakiyar hasken ya sauka mita 15 zuwa 20 a gabanka.

Fitilar hula tana nuna maka hanya ne kawai, wanda ke bayanka ba ya ganinka. Sa ƙaramar fitilar rigar ceto a kafaɗa, irin mai kunna kanta idan ta taɓa ruwa, ƙa'idar SOLAS ta kare rayuka a teku ta ce ta yi aƙalla awa 8. Ɗaura sandar haske ta roba, wadda ake karyawa ta kama, ɗaya a saman sanda, ɗaya a bayan allo. Allo ba ya ɗaure da ƙafarka, in kun rabu iska na tura shi fiye da saurin iyonka, kuma abin da ba ka gani ba ba za ka bi shi ba. Liƙa tef mai mayar da haske a hula da saman ƙyalle, rataya usur a rigar ceto, ka sa ƙaramar tocila ta biyu a aljihunta. Launin ja da kore ka bar su: a dokar hana karon jiragen ruwa ta duniya ta 1972, ja na nufin gefen hagu na jirgi, kore na dama, kana iya ruɗa matuƙi. Doka ta 25 a cikinta ta ce ƙaramin jirgin iska da bai kai mita 7 ba, in ba zai iya ɗaukar waɗannan fitilun ba, ya kasance da farar fitila a kusa da zai nuna a kan lokaci. Ta 36 kuma ta ce a guji fitila mai walƙiya mai ƙarfi don jan hankali, saboda haka matakin ƙyaf-ƙyaf ɗin tocilarka ba na yawo ba ne. In za ka yi wa abokin tafiya magana, sunkuyar da kai ko ka rufe fitilar da tafin hannu.

Kafin ka biya kuɗi ma, tambayi hukumar gaɓar da kake ko an yarda. A Faransa dokar ta taƙaita hawan allon iska ga rana kawai, kuma kada a wuce mil 2 na ruwa daga mafaka. Wasu wuraren makarantar koyon hawan allo da ke kula da gaɓar ce ke da ta cewa, kuma jirgin cetonta yana tashi aiki kafin magariba. Iska ita ma tana sauya hali bayan faɗuwar rana. Wadda zafin ƙasa ke jawowa daga teku takan mutu, sannan ta juyo daga tudu zuwa teku, ita ce mai kai mutum inda ba ya so. A tafkin Garda na Italiya har suna suka ba su: Ora ta kudu ta rana, Peler ta arewa da ke tasowa cikin dare. Zaɓi ruwan da ka sani da rana, mara zurfi, inda za ka iya tsayawa da ƙafa, daren farin wata, iska na bugowa zuwa gaɓa ko a gicciye. Wuri kamar Dahab a Masar akwai murjani, tafkin Dakhla a gaɓar Yammacin Sahara akwai tudun yashi da ke fitowa idan ruwa ya janye da kuma gonakin kawa, fitila ba za ta nuna maka su da wuri ba. Ku zama aƙalla biyu a ruwa, na uku a gaɓa da fitilu biyu tsayayyu, ɗaya a bayan ɗaya kuma ta fi ta tsayi. Idan ka ga sun hau layi ɗaya, kana kan hanyar fita.

Bayan kowace fita, jiƙa tocilar a ruwan daɗi minti 15 tana rufe, ka danna makunnin sau da yawa a cikin ruwan don gishiri da yashi su fita. Sai ta bushe za ka buɗe. Ciro zoben roban da ɗan yatsa ko gefen katin roba, ba da allura ba, duba ko akwai gashi ko ƙwayar yashi, shafa masa giris ɗin silikon kaɗan har ya yi sheƙi kawai. Kada ka sa basilin, yana lalata wasu robobin. Sayi zobba na ajiya tare da tocilar, da batir biyu na kamfani sananne da caja ta daban. In jirgin sama za ka hau da su, batiran a jakar hannu suke tafiya, kowanne a cikin ɗan akwatinsa na roba.